Wuyan Tulu a Kafin Gora

Tun ranar da na dawo daga Kafin Gora ba a bar ni na sha shayi da daɗin rai a majalisa ba. Wannan ya ce ya ga hotunan wurin a waya, wancan ya ce matarsa ta sa shi gaba sai sun je, Alhaji mai shagon taya kuwa tambayarsa ɗaya ce kullum, wai akwai wurin ajiye mota? Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure ana katse ni da tambayar ko furar wurin tana da daɗi. Ga shi nan na rubuta gaba ɗaya, wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa.

Ni dai ba yawon buɗe ido na je ba. Gwaggo Asabe ce ta ja ni, ƙanwar mahaifina, wadda ita kaɗai ta rage mana a cikinsu. A Kafin Gora aka haife su, can bakin iyakar ƙasar Karaye da ta Rogo, kuma can aka binne mahaifinsu, wanda aka sa mini sunansa. Shi ya sa ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai Babana, ko da faɗa za ta yi mini. Bara likita ya gaya mana idonta na dama ya riga ya tafi, na hagun ma yana bin bayansa, kuma ba irin wanda aiki ke gyarawa ba ne. Da muka fito daga asibitin ba ta tambayi magani ba. Cewa ta yi in kai ta ta ga kabarin Baba tun tana iya gani. Na ce ta bari ruwa ya ɗauke. Ranar da na ga ta gaida labule a zaton matata ce, na fasa jiran ruwa.

Rigimar farko a ƙofar gida aka yi ta. Gwaggo ta fito da ƙullin goro, da sabulai, da turare, da turmin atamfa, duk tsaraba. Na ce mata garin nan kufai ne tun ban yi wayo ba, wa za ta ba? Ta ce ai an ce mutane sun koma, kuma ita ba za ta shiga garin ubanta hannu rabbana kamar mai neman bashi ba. Na cusa kayan a bayan motar tawa, wadda ku kun san ta, kun kuma sha tura ta.

A hanyar Gwarzo ta hana ni rufe gilashi, wai iskar na'ura tana shigar mata ƙashi. Duk mai rake da muka wuce sai ta ce a tsaya, ba don ta saya ba, don ta tambaye shi ɗan gidan wa ne. A tsakanin tsaye-tsayen nan ta ba ni tarihin garin, wanda na sha ji amma ban taɓa saurara ba. Manoma ne suka kafa shi, suka kewaye shi da kafi na itace, Fulani suka sauka a gefensu saboda rafi. Dawa da gyaɗa da auduga, da rake a fadama. Ba yaƙi ne ya tashe shi ba, ba annoba ba. Titi ne aka yi ya bi ta nesa, masu awon auduga suka daina shigowa, kasuwa ta koma bakin titin, rijiyoyi kuma suka fara ja da baya. Gida ɗaya ya tashi, maƙwabcinsa ya ga duhu ya yi masa yawa shi ma ya tashi. Ita aure ya fitar da ita, shekara guda bayan rasuwar Baba, kuma kafin ta yaye ɗanta na fari an ce mata ko kaza babu a garin.

A Unguwar Hajji muka kwana, cikin Karaye, gidan Malam Sale, ɗan wata ƙawarta da ta rasu. Mu a birni gaisuwa ba ta wuce ina wuni, ya aiki, a wuce wurin. A can sai an tambaye ka gajiya, da gida, da iyali, da damina, da mutanen Kano kamar kai ne mai unguwarsu, a yi shiru kaɗan, ka ɗauka an gama, sai a sake ɗaukowa daga gajiya. Labarin zuwan Gwaggo ya zaga unguwa kafin in gama alwala. Gidaje suka yi ta aiko da kwanuka, tuwon dawa da miyar kuɓewa ɗanya, man shanu yana yawo a kai, kuma Malam Sale ya raɗa mini cewa kwanon da aka mayar ba a taɓa ba, an ɓata da gidan ke nan. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya ina gutsura kamar mai binciken abinci. Da na tambayi hanyar Kafin Gora kuwa sai zaure ya rabu biyu. Wasu suka ce in bi ta Kwanyawa, wasu suka rantse ta wajen Kafin Dafga ta fi, aka bar ni aka koma musu a kan wata gada da ruwa ya cinye. Na tashi ban san ta inda zan bi ba, cikina kuma kamar ganga.

Da safe na bi wadda masu rinjayen murya suka faɗa, kuma ita ce marar kyau. Muka bar kwalta muka shiga burji, burji ya zama laka, laka ta cire wa motar salansa. Na ɗaure shi da igiyar ƙullin goron Gwaggo, tana daga cikin mota tana ce mini in yi a hankali da igiyar, aro ta yi.

Iyakar ba shinge ba ce, rafi ne. Wannan gaɓa Karaye, waccan Rogo, in ji wani manomi da ya yarda in bar motar a gindin mangwaronsa. Mota ba ta tsallakawa sai rani. Ƙungiyar 'yan asalin garin, waɗanda suka farfaɗo da shi, sun ajiye amalanken shanu a wurin don baƙi, an shimfiɗa masa darduma da matasai, an rataya wa bijiman tuntaye masu launi. Ga babura nan suna tsallakawa da buhunan masara a guje, amma aka ce baƙo amalanke yake hawa, wai yana cikin tsarin ziyara. Wato abin da iyayenmu suka tashi daga garin don su huta da shi, shi aka sa ni na biya na hau. Gwaggo kuwa ta gyara zama a kan matashi ta ce ko ranar aurenta ba a yi mata haka ba.

Sai ga Kafin Gora. An sake kafa itatuwan kafin, an gina ƙofa da jar ƙasa, an yi mata zane. A bakinta wani mutum ya tarbe mu, zai yi shekara talatin da wani abu, da babbar riga da malfa da ƙaramar lasifika a rataye a wuya. Nasiru sunansa, shi ne mai zagayawa da baƙi. Da Gwaggo ta bi salsalarsa, kamar yadda take yi wa kowa, sai ga shi jikan maƙwabcinsu ne na katanga ɗaya. Nan take ya durƙusa, lasifikar tana kunne, duk garin ya ji yana cewa sannu da zuwa Kaka.

Ba zan yi wa wurin ƙarya ba, aiki sun yi shi. An haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Gidaje da dama sun dawo da zama na gaske, ba na hoto ba, gonakin da suka zama daji an sake nome su, dawa ta yi kai har tana sunkuyawa. Matan Fulani suna sayar da nono, maƙeri yana ƙira, masaƙi yana saƙa, kowa yana samun na cefane daga baƙin da ke zuwa daga Kano da Zariya. Garin da aka ce ko kaza babu, na ji zakara ya yi cara a cikinsa, kuma na ga fuskar Gwaggo lokacin da ta ji shi.

Amma baƙin, jama'a. Na ga ƙato da agogon zinariya ya karɓi fartanya ya yi sara biyu a kunya, ya tsaya a ɗauke shi hoto, ya mayar. Na ga ango da amarya sun jingina da rumbu suna kallon sama. Rumbun ma ba hatsi a ciki, an fasa masa ƙofa an sa katifa, wai ɗakin kwanan baƙi ne, har Nasiru ya yi mana tayin ɗaya. Na ce masa ni ba dawa ba ne. Muna cikin tafiya Gwaggo ta tsaya ta karkata kunne wajen wasu 'yan mata masu baƙin tabarau da ke daka ana ɗaukarsu a waya.

"Babana, wannan turmin ai babu komai a cikinsa," in ji ta. "Za su fasa wa mutane turmi."

Nasiru kuwa yana gaba yana zuba tarihi a lasifika, wai wani maharbi ne ya kafa garin bayan ya kashe zaki a gindin kuka. Gwaggo ta ja rigarsa ta ce masa kakan kakanta ne ya fara saran wurin, kuma ƙasar gyaɗa ya zo nema, ko kare bai taɓa kashewa ba. Ya kashe lasifikar ya ce mata a hankali, baƙi sun fi son zakin.

Da kukar nan ta gane gidansu, don ita ce kaɗai abin da bai motsa ba. Sai dai gidan ya zama wurin cin abincin baƙi. Katangun asali sun narke tun da daɗewa, su kuma da suka zo gini ba su bi tsohon tushe ba, suka haɗe gidaje uku suka yi fili ɗaya, suka baje shi, suka zuba farin yashi, suka kafa rumfuna da bencina. Ana ta shan fura a ƙwarya da cokalin roba. A gefe guda an ajiye kalangu da ganga, wai da yamma ana rawar manoma.

A nan ne ya kamata in yi wa 'yan birni bayani. A da, a irin waɗannan garuruwa, ba kowa ake kaiwa maƙabarta ba. Maigida idan ya rasu, sau da yawa a cikin gidansa ake binne shi, bayan turakarsa. Ba allo, ba rubutu. Tukunya ake fasawa a rufe ramin ciki da ita, sannan a kafa wani ɓangarenta a wajen kai. Wannan kaskon shi ne kaɗai shaida. Gwaggo ta ce na Baba wuyan tulu ne, kuma yana bayan ɗakinsa, kusa da katangar gabas.

Babu ɗakin, babu katangar, babu wuyan tulu. Ta shiga filin tana sunkuyawa, tana kawo idon hagun kusa da ƙasa, tana shafa yashin da ƙafa. Ta je ta dawo, ta sake komawa gindin kukar ta faro daga can. Masu shan fura suna janye ƙafafunsu suna kallonta, wata ma ta tambaye ni ko ɗan kunne ta yar. Cikin haka wata tsohuwa mai tallan nono ta ajiye ƙwaryarta ta zo ta leƙa fuskar Gwaggo, ta kira ta da wani suna da ban taɓa ji ba. Jumma ce, ƙawarta ta ƙuruciya daga rugar bakin rafi. Suka riƙe juna suna gaisawa, rabi da Hausa rabi da Fulatanci, aka kwance tsaraba, atamfar nan da na yi wa gori ta sami mai ita. Sannan suka shiga neman tare. Jumma ta ce wajen rumfar can ne, Gwaggo ta ce a'a, can ai turken akuyoyi ne. Jumma ta ce to wajen randunan ruwa, Gwaggo ta ce nan kuma gidan su kakan Nasiru ne. Tsofaffi biyu, ido ɗaya da rabi a tsakaninsu, suna gardama a kan yashin da aka kawo a tifa.

Na ja Nasiru gefe na tambaye shi ko da suka zo gyaran wurin sun ga fasassun tukwane. Fuskarsa ta washe. Ya ce ai suna da su da yawa, su ne ma abin da baƙi suka fi so, mu zo mu gani.

Ɗakin tarihi suke ce masa. Zagayayyen ɗaki ne mai tsafta, da kantoci a jikin bango. A kan kantocin kuwa kasake ne jere, an wanke su tas, an shirya su daga manya zuwa ƙanana. Gindin randa, bakin tukunya, wuyan tulu, sun fi a ƙirga da ido. Nasiru yana ta bayani da alfahari, wai da suka zo sharar kufai, kusan kowane gida sai sun tarar da irinsu a kafe a bayan ɗakuna, suka tattara a buhuna don kada su lalace, kayan girkin kakanni ne.

Na zauna a dokin ƙofa. Kowane kasko a ɗakin nan kan wani ne. Sun bi gari gida-gida sun tsince shaidar kaburburan kakanninsu, sun wanke da sabulu, sun jera wa baƙi. Kuma ba da mugunta ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, don babu wanda zan kama. A sabon gari na bakin titi aka haifi Nasiru da abokansa, inda maƙabarta take bayan gari da katangarta da allunan ƙarfe. Tsofaffin da suka sani sun mutu, ko suna kwance a ɗaka ba wanda ya tambaye su. Ni kaina da nake ta hura hanci, a mota na ji wannan al'ada, jiya-jiya.

Gwaggo ta matsa kusa da kasaken. Ta bi kantocin da hannu, tana ɗaga wannan tana ajiyewa, tana shafa bakin wancan. Can wajen ƙarshen kanta ta biyu hannunta ya tsaya a kan wani wuyan tulu mai zanen igiya, da ɗan gibi a leɓensa. Ta sa babban yatsa a gibin, ya zauna daidai.

"Ni na yi wannan," in ji ta. "A bakin rijiya na buga shi, Inna ta zane ni. Da Baba ya rasu shi aka fasa. Da maza suka watse, ni na kafa wuyan da hannuna."

Nasiru ya cire malfarsa. Ya dubi kantocin tun daga sama har ƙasa, don na kakansa ma yana cikinsu, kuma bai san wanne ba ne. Gwaggo ta juyo da idon nan guda ta tambaye shi, ba da faɗa ba:

"Ɗan nan, a ina kuka ɗauke shi?"

Ya ce bai sani ba. Ya ce su da yawa suka yi aikin, kowa da buhunsa, aka juye wuri ɗaya. Ya ce zai kira su a waya, ya ma fara lalubar aljihu, sai ya bari, don shi ma ya san ba wanda zai tuna. Ni kuwa bakina ya buɗe. Na ce masa sun iya ƙirƙiro zaki amma ba su iya tambayar tsoho ɗaya ba, na ce sun sa katifa a rumbu sun sa benci a kan mutane. Da sauran magana a bakina Gwaggo ta ce, Babana, ya isa. Na bari, amma har yanzu da nake rubutun nan ban huce ba.

Ta rungumi wuyan tulun muka koma filin. A bakin shiga ta tuɓe takalmanta, Jumma ma ta tuɓe. Ba ta sake neman komai a ƙasa ba. Ta tsaya daga gefe ta fuskanci filin gaba ɗayansa, da rumfunansa da bencinansa da masu shan furarsa, ta ɗaga hannu ta yi wa Baba addu'a, ta daɗe tana yi. Wani mai tabarau ya ɗaga waya zai ɗauke ta, na dube shi sau ɗaya ya mayar da ita aljihu. Surutu ya ɗauke. Wata mata ta zame takalminta a ƙarƙashin benci, na kusa da ita ma ya zame nasa, ba tare da sun san dalili ba.

Da ta shafa, Nasiru ya matso ya ce za su kwashe rumfunan, su kewaye wurin, kada kowa ya sake shiga. Ta tambaye shi wane wurin za su kewaye, tunda garin duka haka yake.

"Ku bar mutane su ci abincinsu," in ji ta. "Baba bai taɓa cin tuwo shi kaɗai ba, kullum sai ya aika a nemo masa baƙo. Amma gangar nan ku fitar da ita waje. Bai son kiɗa."

Ya ce in Allah ya so yau za a fitar. Ya ce kuma zai bi tsofaffin sabon gari ɗaya-ɗaya ya kawo su ɗakin, ko wani zai gane nasa. Ko ya yi ko bai yi ba, ban sani ba, ban koma ba. Da ta naɗe wuyan tulun a mayafinta bai ce mata kayan ɗakin tarihi ne ba, shi ya ma riƙe mata hannu har bakin amalanke.

Muna tsakiyar rafi, bijimai suna ta jan ƙafa, ni ina tunanin salansa da igiyar aro, sai ta ɗora mini ƙullin wuyan tulun a cinya.

"Babana, tunda an raba shi da Baba, ka ajiye mini. In lokacina ya yi ka kafa mini shi wajen kai. Kuma ka gaya wa 'ya'yanka ko mene ne, kada wani mai son tsafta ya zo ya share."

Idon hagun ya ƙarasa tafiya kafin a gama girbin dawa. Kabarin da ta je gani ba ta gan shi ba, kuma ba za ta gan shi ba. Wuyan tulun yana kan durowar ɗakina, na tara yaran gidan na gaya musu, har da wanda bai iya magana sosai ba. Wani lokaci takan aiko a kai mata shi, ta sa yatsa a gibin ta ɗan zauna, sannan ta ce a mayar.

To Alhaji, babu wurin ajiye mota, sai gindin mangwaron wani bawan Allah a wannan gaɓar rafi. Furar tana da daɗi, wannan kam ba zan hana ta ba. Ku je, ku kai iyalanku, mutanen garin suna bukatar zuwanku. Amma in kun isa filin cin abincin nan mai farin yashi, ku tuɓe takalma a bakin ƙofa. Kakana yana ciki, ban san ta ina ba.